Ladan da Surukin Malam Tanko

Cikin ranakun aikina akwai wadda ko na so in manta da ita ba za ta bar ni ba, ita ce ranar da muka kusa cire wata na'ura daga bango don kawai ta faɗi gaskiya. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye fararen kayan nan, to shi zan ba ku, musamman ku da kuka shigo kwanan nan kuna ganin allon da ke kan teburinmu kamar tare aka gina shi da asibitin. Sunayen mutanen duk na canza su, kada wata ta fara lissafin ko wane ne.

A lokacin ni ce shugabar nas-nas a wannan asibiti namu na Sabon Gari. Ga wanda bai san tsarin ba, likita dubawa yake yi ya rubuta ya wuce. Duk abin da ya biyo baya, ba da magani, wankin ciwo, awon jini da na zafin jiki, wa ke aikin safe wa ke na rana, a wuyana yake. Ban da mu kuma kowane gado yana da mai jinya, wato ɗan'uwan da gida suka turo ya zauna da mara lafiya. Shi ke ba shi abinci, shi ke miƙa masa kwalbar fitsari ya je ya zubar, kuma shi muke tambaya abin da ya faru bayan idonmu. Ɗakin maza namiji ke zama, ɗakin mata mace. Wannan doka na tarar da ita, ban kuma taɓa sassauta ta ba.

Da damina wani injiniya daga Samaru, Bulus, ya kawo mana abin da ya ƙera. Ɗan akwati ne da bai kai bulo ba, da ido da kunne, ana maƙala shi a bango saman gado. Yana aiko da hoto da murya zuwa allon teburin nas, in kuma mara lafiya ya yi nishi mai ƙarfi, ko ya yi ta murƙususu, ko ya nemi saukowa daga gado, sai ya yi ƙara. Bulus ya ce mahaifiyarsa ce ta taɓa faɗowa daga gadon wani asibiti ba wanda ya gani, shi ya sa abin ya tsaya masa a rai. Mutumin ya burge ni, domin ba ya cika baki, kuma in ka yi masa tambaya sai ya yi tunani kafin ya amsa. Likita mai asibitin ya yarda a gwada a ɗakin maza, ni kuma na gindaya sharuɗɗa na. Ba za a kunna wa kowa ba sai an yi masa bayani ya amince. A sa wa idon murfi, wanda mara lafiya zai ce a rufe in za a yi masa wanka ko wani abu. Hoton da na'urar ta ajiye kuwa ba mai buɗe shi, ko da Bulus ne, sai ina tsaye a wurin. Ya ce ya ji, ya koma ya dawo da murfin.

Ana nan aka kwantar da Malam Tanko a gado na uku. Dattijo ne manomi, dogo, mai tsafta, irin mutanen da ko a kwance hularsu ba ta karkacewa. Aikin ƙaba aka yi masa ranar Talata da safe, aikin kuma ya yi kyau. 'Ya'yansa duk mata ne, don haka wanda ya zo jinya shi ne mijin 'yarsa ta fari, Isuhu, ma'aikaci a gonar bincike a Samaru, wanda ya ɗauki hutu musamman saboda wannan. Ban taɓa ganin mai jinya mai ladabi irinsa ba. A ƙasa yake zama kan tabarma, kansa a sunkuye, in zai miƙa wa tsohon ruwa sai ya durƙusa. Amma da ya fito baranda sai bakinsa ya buɗe, kuma zancensa ɗaya ne: wani farin gari da suke gwadawa a gonarsu, wanda ake narkawa a ruwa a yayyafa wa ƙasa, sai ta riƙe junanta, ruwan sama ba ya kwashe ta, danshi kuma ya daɗe a cikinta. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan karatu. Ni kaina na sha, don na yi kuskuren gaya masa ina da 'yan komayen tumatir a bayan gidana a Hanwa.

Tun azahar ɗin ranar aikin na'urar gado na uku ta fara ƙara. Nas ta ruga, ta tarar da Malam Tanko a miƙe, hannuwa a kan ƙirji, ya ce da sauƙi. La'asar ta sake. Magariba haka. Washegari da na iso, masu miƙa mini aiki suna dariya, wai na'urar ta musulunta, ba ta motsi sai an kira salla. Ngozi, ɗaya daga cikin nas ɗinmu, wadda bakinta ba ya raina abin magana, ita ta raɗa mata suna Ladan, kafin hantsi har mai shara ya san sunan. Na je da kaina na gaishe da tsohon. Ya ce ya kwana lafiya. Na tambayi Isuhu ko ya ci abinci, ya ce ya taɓa kaɗan. Fitsari fa? Ya sunkuyar da kai ya ce ya zubar da kwalba da safe. Ciwon ɗinkin a bushe yake, ba zazzaɓi. Bugun zuciya ya ɗan hau, amma wanda aka yanka jiya ba a rasa shi da wannan.

Akwai masallaci a tsallaken titi mai lasifika irin wadda ke tada har mutanen unguwar Muciya daga barci, don haka kowa ya yanke cewa ita kunnen na'urar ke ji. Aka kira Bulus a waya, ya koya wa Ngozi yadda za ta rage wa kunnen ƙarfi. Da azahar ta yi, Ladan ya sake rangaɗa kiransa kamar ba a taɓa shi ba. Likita yana ofis, ya leƙo ransa a ɓace ya ce a cire abin nan kafin yamma. Kuma kada ku ga laifinsa. Ƙararrawar da ke yawan ƙarya ta fi rashin ƙararrawa haɗari, domin ranar da za ta faɗi gaskiya ba mai tashi daga kujera. Na ce masa ya ba ni zuwa la'asar. Ya ce sai ka ce ni na ƙera ta. Na ce a'a, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma sauran gadaje suna jin lasifikar nan, me ya sa nasu ba sa kuka?

Bulus ya iso a kan babur, rigarsa a jiƙe da yayyafi. Bai kare na'urarsa ba, bai kuma yi fushi da sunan da aka ba ta ba, har murmushi ya yi. Ya ce in dai an kusa toshe kunnen kuma ƙarar ba ta daina ba, to ba ji take yi ba, gani take yi. Abin da take gani kuwa ba zai iya sani ba sai na ba da izini. Na kori kowa daga wurin tebur, na juya allon ya fuskanci bango, muka tsaya mu biyu ya buɗe hoton azahar.

Gani ya kori ji. Ga Isuhu ya miƙe, ya durƙusa ya ce wani abu, ya ɗauki buta ya fita. Malam Tanko ya bi ƙofar da ido har ya tabbata ya tafi. Sai mutumin nan da muka sani a miƙe kamar sanda ya dunƙule wuri ɗaya, ya danna hannu a mararsa, ya cusa bakin zanin gado cikin haƙoransa. Ya lalubo kwalba a ƙarƙashin mayafi, ya yi ta fama, gumi na zuba, gado na girgiza. Ko tari bai yi ba. Can sai ya ɗaga kai, ya ji takun takalmin nas a baranda, ya tura kwalbar ƙasa, ya miƙe ƙafafu, ya gyara hula. Nas ɗinmu kuwa da sun ji ƙara sai su zabura su nufi ɗakin, ba mai tsayawa kallon ɗan hoton da ke allo. Bulus ya kawar da kai tun kafin hoton ya ƙare. Ni kuwa tausayi ya kama ni, tare da haushi, don nan take na san abin da ke damunsa.

Ku da kuka yi makaranta kun san wannan. Tsoho namiji, bayan irin wannan aiki, fitsari kan riƙe masa. Mafitsara ta cika ta yi tam, sai ɗan ɗigo ya riƙa tsiyayowa, shi ne abin da ake gani a kwalba a zaci komai lafiya. In aka bar shi haka, fitsarin komawa baya yake yi ya taɓa ƙoda, kuma ƙodar mai shekaru irin nasa ba kullum take yafewa ba. Maganin ba wuya, robar fitsari ce kawai. Wuyar ita ce mutumin da zai gwammace ya mutu a miƙe da ya ce yana jin fitsari a gaban mijin 'yarsa.

Da na shiga a lokacin na yaye mayafi a gaban Isuhu, da na ceci ƙodar na kashe mutumin. Ni 'yar ƙasar nan ce, na san abin da ke tsakanin suruki da suruki, a coci ko a masallaci duk ɗaya ne. Ubana har ya rasu bai taɓa cin abinci a gaban mijina ba. Don haka na fita baranda na sami Isuhu, na ce masa garin nan da yake ta ba ni labari, yau nake so, domin ruwan jiya ya kusa kwashe mini komaye, kuma gobe ba ni da lokaci. Ya ce wa zai zauna da Baba? Na ce ni da kaina, ko ya raina jinyata ne? Ya yi dariya ya ce wane shi. Na san tsakanin nan da Samaru, ga cunkoson Kwangila da yamma, ba zai dawo da wuri ba. Na tsaya har na ga ya hau mota.

Na koma na ja labule, na miƙa hannu na rufe idon na'urar a gabansa yana kallo, na jawo kujera na zauna.

"Malam, ka ga na rufe abin nan. Isuhu kuma na aike shi Samaru. Daga ni sai kai sai Allah. Yaushe rabonka da fitsari na kirki?"

Ya daɗe yana kallon silin. Na ƙyale shi, don na san in na ƙara kalma ɗaya zai ce da sauƙi mu koma gidan jiya.

"Tun kafin a shiga da ni ɗakin aikin can," in ji shi. "Sai ɗigo."

Na tambaye shi ruwa fa, ya ce ya daina sha tun jiya don kada abin ya ƙaru, in an ba shi sai ya jiƙa leɓe ya ajiye. Na ce me ya hana shi gaya wa ko ɗaya daga cikinmu?

"Sista, mijin 'yata ne, ta fari ma. Da wane bakin zan ce mashi miƙo mani kwalba, ya tsaya yana jira na? Ku kuma duk wanda ya shigo, a gabanshi yake tambaya ta."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta shige ni, kuma gaskiya ya faɗa. Haka aka koya mana, haka muke yi: mu tsaya a gindin gado mu jefa tambaya, mai jinya na zaune. Na nemi izininsa na ɗora hannu a marar, na ji ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya. Sai ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Ban ɓoye masa ba, na ce abin nan na bango ne ya nuna mini, ni da wanda ya ƙera shi kaɗai muka gani, kuma yanzu za a goge. Ya rufe ido. Na zaci faɗa zai yi, ko ya ce a cire masa shi. Abin da ya ce kawai shi ne:

"Kada yaron nan ya ji. Ya bar aikinshi ya zo yana kwana a ƙasa saboda ni. In ya san zamanshi ne ya hana ni, ba zai ji daɗi ba."

Na yi masa alkawari. Na aika aka kira likita, na kuma sa a nemo Malam Ayuba, nas ɗinmu namiji da ya manyanta, don kada a ce yarinya ce ta sa masa roba. Likita ya taɓa marar sau ɗaya, bai ce komai ba sai “a yi maza”. Abin da ya fito daga jikin dattijon nan ba zan faɗa muku yawansa ba, amma Ayuba da ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki sai da ya yi salati. Muna tsaye muka ga fuskar Malam Tanko ta saki, kafaɗunsa suka sauka kan matashi, ya yi ajiyar zuciya, barci ya ɗauke shi. Likita ya sa a ɗebi jini a duba ƙoda, sakamako ya nuna ta fara jigata amma ba ta kai inda ba a dawowa ba. A baranda ya ce mini da an ƙara kwana a haka da labarin ya sha bamban. Na ce to, a cire Ladan ɗin ko a bar shi? Ya harare ni ya wuce ofis, daga baya na ji shi yana tambayar Bulus ko zai iya ƙera na ɗakin mata.

Saura matsala ɗaya. Roba za ta kwana biyu a jikinsa, da jakarta a rataye a gefen gado, kuma wani ne zai riƙa zubarwa. Da ya farka na tambaye shi, a duk danginsa wane ne ba ya jin nauyinsa ko kaɗan? Karon farko ke nan da na ga haƙoransa. Ya ce akwai wani taubashinsa a Zabi, Iro, amma in aka kawo wannan, abin da ciwo bai yi ba bakinsa zai ƙarasa. Na ce shi nake nema. Aka buga waya, kafin magariba ga tsoho ya shigo da sanda da ƙullin goro, tun daga ƙofa yana tambayar ina ragon da ɗan yanka kaɗan ya kayar. Ya leƙa jakar ya ce ashe bawan nasa har da guzuri ya tanada. Malam Tanko ya rama, suka yi ta yi har na gado na biyu ya roƙe su su bari don dariya na ja masa ɗinki.

Ina ta shirya abin da zan gaya wa Isuhu. Na yanke zan ce masa likita ne ya ce a samo dattijo, kuma ba ƙarya ba ne, don sai da na sa likita ya faɗa da bakinsa. Ya dawo gab da magariba da ɗan ƙunshi a leda, ya same ni a baranda. Ya tsaya ya yi mini bayani dalla-dalla: ɗan kaɗan ake ɗiba a bakin cokali ga bokiti guda, a riƙa barbaɗawa ana juyawa, in aka zuba gaba ɗaya zai yi gudaji kamar kunun da bai ji muciya ba. Na ce na gode. Daga cikin ɗaki ana jiyo muryar Iro. Isuhu ya saurara, bai nufi ƙofar ba. Ya rage murya, idonsa a ƙasa.

"Mama, an samu ya yi?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Na san ba don tumatir kika aike ni ba. Tun jiya nike ganin kwalban ba komai sai ɗan kaɗan. Ba zan iya tambayanshi ba, kuma ba zan iya kai ƙaranshi wurinku ba, kamar na tona mashi asiri. Shi ya sa in na je masallaci nike daɗewa, in yi ta nafila, ko zai samu ya sake." Ya goge fuska da tafin hannu. "Don Allah kada ki gaya mashi na sani."

Na ce an samu, kuma zai warke. Na yi masa alkawari shi ma. Haka na tsaya a barandar nan riƙe da ledar gari, da amana biyu, kowace ta ce kada ɗayar ta ji. Idona ya kawo ruwa, ni da ake cewa ba ta kuka ko a ɗakin gawa. Mutum biyu, kowa yana tattalin mutuncin ɗan'uwansa da iyakar ƙarfinsa, kuma wannan tattalin ne ya kusa kai ɗaya kabari.

Daga ranar Isuhu ya koma ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke tsakar asibiti. Shi ke sayo magani, shi ke kawo abinci, safe da yamma ya zo bakin ƙofa ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya ce da sauƙi, kuma a wannan karon gaskiya ne. Ranar sallama Iro na gaba yana tsokana, tsohon na tsakiya, Isuhu na baya da jaka da tabarma. A bakin mota Malam Tanko ya tsaya, bai juya ya dube shi ba, bai kuma kira sunansa ba, ya ce Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya ba shi masu yi masa. Isuhu ya durƙusa a cikin taɓo ya ce amin. Na bar kaza cikin gashinta, har dattijon ya rasu bayan wasu shekaru, da wani ciwon daban, ba wanda ya san abin da ɗayan ya gaya mini.

To ga abin da nake so ku riƙe. Na'ura tana da amfani, kuma in ta yi ƙara ku dubi allo kafin ku ruga, kada ku yi saurin ce mata maƙaryaciya don mara lafiya ya ce da sauƙi. Mutanenmu da sauƙi suke cewa har a bakin kabari, tarbiyya ce, ba ƙarya ba. Amma ba na'ura ce za ta gaya muku dalilin shirunsu ba, wannan aikinku ne. Shi ya sa tun daga lokacin, duk wanda aka kwantar, tambayata ta farko ba ina ke ciwo ba ce. Sai na dubi wanda ke zaune a tabarma na ce, wannan wane ne a wurinka? In suruki ne, ko ɗan fari, ko wani da ake jin nauyinsa, ku nemo masa aike mai nisa cikin mutunci, ku ja labule, ku zauna. Sannan ku yi tambayarku, ku kuma yi haƙuri ku jira amsa.